Kwana Biyar na Ummi da Farar Rigar Babban Sakatare

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta da wata Asabar a gidanmu na Nassarawa GRA ba. Shekarun da arzikin man fetur ya fara zubowa ke nan. Ina ƙaramin ofisa a ma'aikatar gwamnati, an ba ni gida mai filin furanni, na sayi firiji, na kuma ɗauka duk ilimin duniya a aljihuna yake. 'Yarmu ta fari, Ummi, tana wata bakwai.

A lokacin, abin da bai fito daga gwangwani ba bai waye ba. Matata Binta tana da ruwan nono har ya yi yawa, amma na jibgo madarar jarirai, na ce ni zan riƙa haɗawa. A jikin gwangwanin an ce cokali ɗaya a shafe. Ni kuwa biyu nake zubawa, da tozo (a tunanina wancan awon na masu ƙaramin ƙarfi ne, mu kuwa Allah ya hore mana). So nake kumatunta su cika, baƙi su gani su san gidan wa suka zo.

Sai kashi ya tsaya cak. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ummi za ta yi ta nishi, fuskarta ta yi jajir, ta tsandara kuka, a buɗe ƙunzugu a ga wayam. Cikinta ya yi tauri kamar ɗanyen goruba, ta ƙi nono, ta ƙi wasa. Gaskiya na tsorata, sai dai girman kai bai bar ni na nuna ba.

Iya Dije, matar maigadinmu, dattijuwa ce 'yar ƙauyen Katsina da ta raini 'ya'ya tara. Ta leƙo kicin ta ga yadda nake dama madara.

"Yallaɓai, wannan ai fura kake dama wa 'yar nan. A rage mata kauri, a ba ta ruwa, a murza mata ciki da man gyaɗa."

"Iya, wannan harkar zamani ce," na ce, ina gyara tabarau.

Ta ce, "To, Allah ya ba zamani sa'a," ta koma ɗakinsu na boskwata, can bayan gida, abinta.

Rana ta huɗu Binta ta saɓa 'yarta ta ce ko na kai su asibiti ko ta tafi a ƙafa. Muka samu wata Sista mai furfura. Tun kafin ta tambaya na fara zuba mata bayani cewa doka ce jariri ya yi kashi kullum da safe.

"Dokar wa?" ta ce. "Malam, ba ofis ba ne da za ta sa hannu kullum. Wani jaririn sau uku a rana, wani mai shan nono zalla sai ya kwana biyu ko fi, kuma lafiyarsa ƙalau, in dai da laushi ya fito. Abin dubawa shi ne tauri da wahala. Wa ke haɗa mata madara?"

Binta ta kalle ni. Ni kuma na kalli silin.

Bayan ta wanke ni tas, sai ta ce a bi awon gwangwani, a yawaita nono, a ba ta ɗan tafasasshen ruwa da nunanniyar gwanda tunda ta fara cin abinci, a murza ciki, a motsa mata ƙafafu kamar mai tuƙa keke. In ta yi amai ko cikin ya kumbura, mu dawo a guje. Wato maganar Iya Dije ce, an sa mata farar hula.

Da yamma na aje girman kai na je boskwata. Iya ba ta yi mini dariya ba (a gabana dai). Ta nuna mini yadda ake zagaya cibiya da tafin hannu a hankali. Haka na wuni washegari a kan tabarma, daga ni sai singileti, ina tuƙa keke da ƙafafun Ummi ina roƙon Allah.

A ranar, wato Asabar, bayan la'asar sai ga motar Babban Sakataren ma'aikatarmu, ya biyo karɓar wani fayil. Mutumin da ko tari ba ma yi a gabansa! Ya shigo cikin farar babbar riga mai sitaci, zai wuce ɗaurin aure. Irin na manya, ya miƙo hannu ya ce a ba shi amaryarsa ya sa mata albarka. Ya ɗora ta a cinya yana jijjigawa.

Ummi ta ƙura masa ido. Sai muka ji wata ƙara mai tsawo, wadda ƙunzugu bai isa ya tare ba. Ajiyar kwana biyar ta malalo har kan aikin rigar.

Me kuke tsammanin na yi? Haƙuri na ba shi? Ina! Tsalle na daka.

"Alhamdulillahi! Binta! Iya! Ta yi! Wallahi ta yi!"

Ban tsaya nan ba. Na durƙusa na leƙa cinyar maigidana, na ƙara ɗaga murya: "Kuma mai laushi ne!"

Iya Dije ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida. Sai a lokacin na ɗago na haɗa ido da shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

"Ranka ya daɗe... kwana biyar ke nan..."

Ya dubi rigarsa, ya dubi Ummi da ke ɓangala masa dariya, karo na farko a kwana biyar. Ya ce, "Na ga alama. To, madalla da aka jira ni."

Da rigata ya tafi ɗaurin auren, ta tsaya masa a gwiwa. Ummi kuwa ta kama nono kamar ba gobe, cikinta ya yi laushi lugub.

An yi mini ƙarin girma sau da dama bayan nan, amma babu albishir da ya taɓa sa ni tsalle irin na ranar. Abin da na koya dai shi ne: in kana jiran jaririya ta yi kashi, yi ta addu'a, amma kada ka miƙa ta ga mai fararen kaya.