Batirin Jirgi da Ƙwan Zabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa yayata aikin gwaninta a Janfalan, ko da kuwa na so in manta. Damina uku ke nan, amma in abin ya faɗo mini a rai, ko abinci nake ci sai in tsame hannu.

Ni soja ne, amma ba irin wanda kuke gani da bindiga a kan hanya ba. A lokacin na shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin batir na wani sansanin jiragen sama. Jirgi mai saukar ungulu, duk girmansa da ƙararsa, in batirinsa bai kawo wuta ba, ƙarfe ne kawai a ajiye. Aikinmu mu yi caji, mu auna, mu gyara. Abin da ke ba mu wahala shi ne jiragen ba daga ƙasa ɗaya aka sayo su ba, kowanne da irin batirinsa da bakin wayarsa da cajarsa. Sai ka ga jirgi ya yi sati biyu a ƙasa yana jiran batir daga waje, alhali ga batura nan cike da kanta, lafiyarsu lau, ba nasa ba ne kawai.

A shekarar aka kafa kwamiti ya duba yadda za a koma iri ɗaya ko biyu, masu ƙarko da sauƙin kuɗi, a kuma yi musu bakin da ba zai shiga inda ba nasa ba ko da mutum ya matsa. Aka sa ni a ciki saboda daɗewa. Na yarda da komai ban da wannan na ƙarshen. Na miƙe a gaban manya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya san aikinsa ba ya haɗa waya a baibai." (Har da buga tebur, Allah ya yafe mini.) Aka ɗage zaman zuwa bayan sati biyu, ni kuma na ɗauki hutu na nufi gida.

Yaya Hajara ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu. A lokacin ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta, Malam Isuhu, ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola da batir. Da yana raye, matan unguwa kan kawo masa ƙwan zabinsu da damina, ya zuba a injin, in sun ƙyanƙyashe a raba. Da ya rasu sai aka fara cewa mace ba za ta iya riƙe injin ba. Gida-gida ta bi tana roƙon su gwada ta sau ɗaya. Suka ba ta ƙwai ɗari da hamsin, kowace ta yi wa nata alama da gawayi. Ranar da na isa, saura kwana huɗu su fara fitowa.

Kwana uku ke nan hadari ya rufe gari, rana ba ta leƙo ba, batirin ya yi sanyi. Da hantsi muna zaune muna gaisawa, tana tambayata iyali ɗaya bayan ɗaya, sai injin ya fara kuka daga ɗaki. Ta ce ta aro batirin motar maƙwabci, ta kuma aika wa Malam Sabi'u, mai gyaran rediyo da sola, amma ya tafi kasuwar Makarfi, sai la'asar zai dawo.

"Zai kai la'asar ɗin," in ji ta. "Haka yake kukan nan, marigayi ma ba ya taɓa shi sai Malam Sabi'u ya zo."

Ai kuwa sai na ji an taɓa mini girma. Na ce, "Haba Yaya, ina gidan nan a jira mai gyaran rediyo? Jirgin sama fa nake tayarwa."

"Auta, da dai ka bari."

"Ba ni wayar haɗa batirin kawai."

Ta ba ni. Ba ta taɓa hana ni komai ba tun ina goye, ranar ma ba ta fara ba.

Bari in ɗan yi muku bayani, don ku san girman wautar. Hanya biyu ake haɗa batir biyu. In ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ƙarfin wutar yana nan yadda yake, daɗewa kawai zai ƙara. In kuwa ka haɗa jan wannan da baƙin wancan, ƙarfin ninkawa yake yi, sha biyu ya koma ashirin da huɗu. Batirin jirgi ashirin da huɗu ne, kuma ƙananan ɗakunan cikinsa haka muke jera su kullum, ja a baƙi, ja a baƙi. Injin Yaya kuwa sha biyu ne. An rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bayansa. Ban leƙa ba. Hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara goma sha tara, bakina kuma yana can yana ba ta labarin yadda na ƙure manya a kwamiti.

Ina ɗora wayar ƙarshe na ji ɗan ƙara, tas! Fitilar injin ta yi haske ta mutu, fankar ciki ta tsaya, wani siririn hayaƙi mai warin roba ya taso. Kukan ma ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan murfin injin, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, irin yadda ake faɗa in an zo da saƙon mutuwa. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Gwaggo Dije, ƙanwar babanmu da ke katanga ɗaya da Yaya, ta shigo ta tarar da mu a haka, ita ce kuma ta fara dawowa hayyacinta. Ta leƙa, ta taɓa ƙwan da bayan hannu, ta ce, "Da sauran ɗumi. A nemo kajin da ke kwanci, a tura musu. Kai Soja, tsayuwar me kake yi? Ɗauki ƙwarya."

Haka na fita ɗauke da ƙwarya cike da ƙwai, an lulluɓe su da tsumma, ina bin tsohuwa a baya cikin yayyafi. Gidan matan aure ba shiga, don haka a kowace ƙofa ita za ta shige, ni in tsaya a bakin zaure da ƙwaryata. Maza na zaune a ciki suna jiran ruwa ya ɗauke.

"A'a, Injiniya! Saukar yaushe? Ya jiragen?"

"Lafiya lau."

"Wannan fa? Talla aka koma?"

Sai in yi yaƙe. (A garin nan an ɗauka ni ke tuƙa jirgin, kuma ban taɓa gyara musu ba.) Gida goma sha ɗaya muka shiga, kaza bakwai kacal muka samu a kan ƙwai. Kaza kuwa iya abin da fukafukinta ya rufe za ta ɗauka. Ƙwai arba'in da 'yan kai suka samu wuri. Sauran aka binne su a dusa kusa da murhu, ana fatan alheri.

Kafin la'asar labari ya zaga. Masu ƙwai suka cika tsakar gida, kowace da mayafinta, ba mai ɗaga murya, amma ana jin abin da ba a faɗa ba. Ɗaya ta ce, "Dama an faɗa." Yaya ta tsaya a gabansu ta ce, "Injin ne ya tsaya a hannuna. Ku yi haƙuri, laifina ne." Ina tsaye a bayanta ina ji. Nan ne ainihin abin kunyar, ba wayar ba: na yi shiru. Ƙato da ni, da anini a kafaɗa, na laɓe a bayan matar da ta fita takaba jiya-jiya.

Ana cikin haka Malam Sabi'u ya yi sallama, da jakar kayan aikinsa a rataye. Ya shiga ɗakin, bai yi minti ɗaya ba ya fito riƙe da wayar. Bai san komai ba, bawan Allah.

"Subhanallahi! Hajara, wa ya haɗa wannan? Ai ko ɗan koyo ba zai yi haka ba. Ko yara kika bari suka yi wasa da shi?"

Yaya ta buɗe baki za ta sake ɗauka. Na riga ta. Na ce, "Ni ne." Na maimaita, "Ni ne, Malam. Ta ce in bari, na ƙi."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya gane ni. Ya ce, "Au, Yallaɓai... to, ai... wataƙila na jirgi haka ake yi." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba wadda ta yi dariya a cikin matan, kuma rashin dariyar ya fi dariyar ciwo.

Na dusa ba ko ɗaya da ya fito. Na ƙarƙashin kaji ashirin da shida suka ƙyanƙyashe. Na sayo sabon allon wutar injin a madadin wanda ya ƙone kafin hutuna ya ƙare, Malam Sabi'u ya ɗaura. Amma da Yaya ta sake zagayawa neman ƙwai, mata uku kawai suka ba ta. Sun yarda ba ita ta ƙona ba, sai dai suka ce wadda ba ta iya hana ƙanenta ba, wa za ta hana? Sai da ta yi damina biyu tana ƙyanƙyasar nata da na Gwaggo kafin sauran suka dawo ɗaya-ɗaya. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Da kwamiti ya sake zama na janye maganata. Ogan kwamitin ya tambaye ni abin da ya sauya mini ra'ayi. Na ce masa a hutun nan na ga ƙwararre ya haɗa waya a baibai da idona. Bai tambayi ko wane ne ba, ni ma ban tsawaita ba.

Abin da na koya shi ne, ɗan koyo tsoro ke tsare shi, gwani kuwa ba abin da ke tsare shi sai a kulle masa ƙofa. Yaya ta riga kwamitin gane haka. Yanzu in na je Janfalan na yi sallama a zaure, takan amsa da murna, "Maraba da Auta, ina zuwa!" Sai in ji ƙarar kwaɗo a ƙofar ɗakin injin, sannan ta fito da tabarma.