Layin Yatsun Oga

Wani mai haɗa kiɗa ne a Tudun Wada, Nafi'u, wanda ya raɗa wa kansa Yatsa-Goma. A faɗarsa, da ya taɓa fiyano a Dubai sai da Larabawa suka ɓoye masa fasfo don kada ya dawo gida. Gaskiyar kuwa, kiɗan da ke kwamfutarsa duk kwafowa ya yi a wajen abokai.

Ranar wata Laraba Hajiya Ladidi mai sayar da hatsi ta shigo situdiyonsa. Za ta aurar da ɗanta, tana neman wanda zai kaɗa fiyano da hannunsa a wajen dina.

"Ban son na kwamfuta," ta ce. "Hannu nake so."

"Hajiya, kin zo gida. Zauna ki ga aiki."

Maimakon ya fara, sai da ya yi mata lacca. Ya nuna mata layuka jere a allo: na ganga, na sarewa, na fiyano, da wani can ƙasa da ya rubuta wa Yatsun Oga.

"Kowane layi da maɓallansa. Wannan M ɗin, in an danna, ya toshe wa layi baki. S kuma ya kashe kowa ya bar shi shi kaɗai. Jan nan shi ke ɗaukar duk abin da na kaɗa. Ilimi ne mai zurfi, ba lallai ki gane ba."

"Haka ne," in ji Hajiya.

Ya danna ja, kiɗa ya tashi. Nafi'u ya rufe ido, ya hau fiyano da duka, yana jijjiga kai, yana cije leɓe, gumi sharkaf. Daɗi ya cika ɗakin. Da ya gama ya yarfe yatsu kamar sun ƙone.

Hajiya dai allo take kallo.

"Ɗana, na ga M ɗin layinka a kunne. Me ya sa ka toshe wa kanka baki?"

"Tawali'u ne, Hajiya."

"Allah sarki. To yau ɗaya dai a ji ka."

"Ai injin ya yi zafi, sai ya..."

Kafin ya rufe baki ta miƙa hannu. Ƙyas, ta kashe M. Ƙyas, ta danna S. Ta ce ya maido daga farko. Ba yadda ya iya, ya maido.

Ƙwarang! Ting! Gwaf-gwaf-gwaram! Kai ka ce akuya ce ta faɗa cikin kwanukan amarya. Tela na maƙwabta ya leƙo a guje yana tambayar ko taransifoma ce ta fashe.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, ba ta ko yi murmushi ba. Ta gyara mayafi, ta miƙa masa wayarta.

"Kiɗan dinar dai na fasa. Amma tura min wannan, ɓeraye sun addabe ni a sito."