Likita Mai Rowar Kafso

"Lafiya lau, in ban da tarin nan. Wace ce wannan a takunkumi kamar jakin da ya saba cin hatsin mutane?"

Haka tsoho Kafinta ya tari jikarsa likita a shekarar annoba. Allah ya ji ƙansa, annobar ba ta ɗauke mana shi ba, tsufa ne daga baya. Yana bakin gado, ita tana tsaye a waje ta taga, don an hana shiga ɗakinsa.

"Matarka ce, tsoho. Idon ma ya bi haƙoran?"

"Na sake ki tun jiya. Rubuta min kafso, mai ja da rawaya."

"Ba zan rubuta ba. Wannan cutar ba ta jin kafso."

"Likitan bakin kasuwa ko atishawa ka yi a ƙofarsa, sai ya biyo ka da takarda."

"Wannan ai ko kujerarka ce ta yi ƙara, allura zai yi mata. Fushin mara lafiya yake tsoro, ba cutar ba."

"Ke kuwa an kai ki makaranta kin koyo rowa. Likitar ruwan ɗumi!"

Ya zaro wani gwangwani daga ƙarƙashin matashi, ya girgiza mata.

"Riƙe bironki. Maƙwabta sun tara min ragowar nasu."

Wasa ya ɗauke daga idonta.

"Ka sha wannan yau, ranar da ƙirjinka ya buƙace shi da gaske, ba zai yi maka aiki ba."

Ya riƙa juya gwangwanin a hannunsa. Amininsa Direba ne ya faɗo masa a rai, wanda aka binne satin da ya wuce.

"Shi ma da tari ya fara," ya ce a hankali.

"Kafso kala-kala aka ɗura masa, Kaka, bai hana ba. Kullum da safe zan zo in saurari ƙirjin nan. Ranar da na ji abin da kafso ke kashewa, da hannuna zan ba ka. Matso."

Ya jingina bayansa da ƙarfen taga, ta zura abin sauraro.

"Me kika ji?"

"Garin katako da rigima."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya miƙo mata gwangwanin.

"Ungo, marowaciya. Ki zubar da su, amma ki dawo min da gwangwanina. Na ƙusa ne."