Waƙar Cikin Kabad

"...lafiya lau, Tsohuwa, ya ƙafar taki?" in ji Dogo daga cikin kabad ɗin kaya.

Kakarsa ta yi baya tana salati. Mayafi ta zo ɗauka, sai ga jikanta a naɗe tsakanin zannuwanta, waya a hannu, gumi sharkaf. Kwana uku ke nan Dogo na neman inda zai naɗi waƙar da ya rubuta. Ɗakinsa amsa kuwwa yake yi, wani kuma ya ce masa tufafi na shanye ƙara, shi ne ya faɗa kabad ɗin Kaka. Waƙar ta yarinyar kantin magani ce, wadda wata bakwai ke nan tana masa murmushi, ya kasa gane so ne ko iya ciniki. Jibi kuma za ta tafi karatu.

"Ƙafata ƙalau, ita ma za ta fitar da kai. Yaushe ka koma asu?"

"Sutudiyo ne nan. Rage murya, tarihi ake kafawa."

"Tun safe nake jin kuka, na ɗauka akuyar maƙwabta ce ke haihuwa. Saura kaɗan in aika barka."

"Hassada ga mai rabo taki. Mai haƙora huɗu ina ta san murya?"

"Huɗun nan sun tauna abin da talatin ɗinka ba su taɓa gani ba. Rera in ji."

Dogo ya gyara murya, ya lumshe ido:

"Na tambayi wata, wata ya yi shiru,
Na tambayi filo, filo ya jiƙe,
Na tambayi fanka, ta girgiza kai,
Shin tana so na, ko ba ta so na?"

"Oh ni! Baiti nawa ne?"

"Goma sha ɗaya. Akwai na bokiti ma."

"Duk kayan ɗaki ka bi ka tambaya. Ita fa, ka tambaye ta?"

Dogo ya kau da kai. Sau goma sha huɗu yana shiga kantin nan da niyya, ya fito da maganin mura. Tsoro yake ji, na gaske, don muddin bai tambaya ba, ba wanda ya ce masa a'a.

"Ba ki san fasaha ba," ya ce. "Waƙar ce za ta yi tambayar."

"Allah ya jiƙan kakanka, ashe abin gado ne. Shekara guda yana zuwa ƙofar gidanmu yana yaba keken babana. Sai da na fito na ce, malam, ni kake so ko keken?"

"Tausayinki ya ji. An ce ba mai zuwa."

"Ni? Layi ake yi har bakin titi!"

"Layin famfo ne, gidanku ne kusa."

"Ɗan nema! Kawo abin nan." Kafin ya ankara ta fizge wayar. "Wannan jan ɗigon, ji yake yi?"

"Tun ɗazu yake naɗa, don Allah kar ki..."

"Ke 'yar nan mai magani, kakarsa ce. Ba mura ke damunsa ba, ke ce. E ko a'a? In a'a ne faɗi, in samu kabad ɗina."

Dogo ya ƙwace wayar, ya ɗora yatsa zai goge.

"Goge mana," in ji Kaka. "Jibi sai ka rera wa bayan mota."

Dogo ya tsaya yana kallon wayar. Can ya runtse ido, ya tura wa yarinyar duka, har da akuya da bokiti. Kaka ta zauna bakin gado ta yi tagumi har minti biyar. Sai wayar ta yi ƙara, ga saƙon murya.

"Ina wuni, Kaka," in ji yarinyar, tana danne dariya. "Waƙar ta yi, amma a bar bokiti ya huta. Amsa kuma tana nan kanti. Ya zo ya tambaya da bakinsa, kada ya sayi komai."

Dogo ya tuntsire da dariya har da ƙwalla. "Na sallama, Tsohuwa. Haƙora huɗu sun ci talatin."

Ya nufi ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya. Kaka ta cafko rigarsa, ta danƙa masa sabon sabulu.

"Yi wanka tukuna. Da warin kafur ɗin nan, sai ta zaci ni ce na zo."