Bijimin Baba da Ciyawar Kanal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka feɗe bijimin surukina a Maradun ba, ko da yake na manta abubuwa da yawa da suka fi wannan amfani. Gara in faɗa da bakina, tunda wadda ya kamata ta ba da labarin ta riga ni tafiya, kuma har ta tafi ba ta gaya wa kowa ba.

Lokacin ruwan dam ɗin Bakolori bai daɗe da cinye fadamar su Baba Ummaru ba, wato mahaifin matata Kulu. An mai da su kan tudu, shanunsa suka rasa wurin kiwo, ya yi ta sayarwa har saura bijimi guda, farin bokolo. Shi ya aiko mana Talata Mafara, ya ce Kulu ta turke shi don bikin autansa. Dangin da ruwa ya warwatsa za su taru, yana so su ci nama irin na da.

Nama irin na da, a wurin Baba, shi ne wanda kitse ya ratsa cikin tsokarsa, fari zare-zare, in an gasa ya narke har tsoho ya ci ba wahala. Baba kuwa haƙoransa ba su fi uku ba. Kulu ta iya wannan kiwo, wurin uwarta ta koya: busasshiyar harawa, dusar gero, 'yar kanwa a ruwa, da inuwa. In ya rage wata uku a yanka, ko ganye ɗaya na ɗanyar ciyawa ba ta bayarwa.

Ni a lokacin ina aikin buɗe ƙofofin kanal, wato magudanar ruwan dam ɗin, ta wajen Bakura. Ina da keke, ina da hular aiki, na kuma ɗan taɓa firamare (ajin da na tsaya ba sai na faɗa ba). Wata rana na iske malamin dabbobi yana yi wa makiyaya bayani a ƙarƙashin rumfa, na tsaya daga gefe. Na ji ya ce koriyar ciyawa tana da wani abu wai shi bitamin A, mai gyara ido da ƙara lafiya da girma. Daga nan lokacin sakin ruwa ya yi, na hau kekena na tafi. Ilimina ya cika ke nan.

Na shiga gida na tarar da Kulu tana zuba wa bijimi harawa, maƙwabtanta biyu suna zaune a tsakar gida. Na ce, "Kulu, wannan kiwon naki na duhun kai ne."

Ta ce, "Malam, haka Inna take yi."

"Inna ta san bitamin?"

"Ba ta san shi ba. Amma ta san nama."

Matan suka yi dariya, dariyar ta sosa ni, na ce daga yau bijimi ya dawo hannuna. Kullum in tashi aiki in yanko ciyawar bakin kanal, koriya shar a tsakiyar rani, in haɗa da ganyen karas na masu lambu, in ɗaure a keke har ba a hango kaina. Na hana dusa, na ce ɓarna ce. Na sayo garin bitamin ina zuba masa a ruwa. Bijimi ya miƙe, fatarsa tana sheƙi, ni kuma ina jawo mutane su zo kallo. Wata rana Kulu ta shafa haƙarƙarinsa, ta matsa gindin wutsiyarsa, ta ce, "Malam, ga ido dai ya yi kyau." Ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ranar biki aka kai bijimi Maradun, dangi suka taru, wasu daga garin Kaya, wasu daga nesa, tsofaffi suna gaisawa suna tambayar juna wa ya rage, wa ya rasu. Ni da ya kamata in noƙe gaban surukai, sai ga ni a tsakiyar samari ina bayanin bitamin (har da nuni da yatsa).

Mahaucin da aka kira dattijo ne mai barkwanci. Ya yanka, ya feɗe, ya tsaya yana kallo. Kitsen duk yana waje, shi ma ɗan kaɗan, rawaya kamar an shafa gangamau. Ya yanki tsokar gadon baya ya ɗaga, ja wur, babu ko zare ɗaya na fari. Ya dube ni ya ce, "Malam mai bitamin, wanga sa noma yaka yi ko tsere? In kilishi kuka so, to kun dace."

Samari suka tuntsure da dariya. Na ji kamar in shige cikin fatar san in naɗe.

Aka gasa yanka na farko aka kai wa Baba, kamar yadda aka saba. Ina hangen shi daga bakin zaure. Ya sa a baki ya tauna, ya juya shi ɗaya gefen, ya sake taunawa. Can ya fidda shi a tafin hannu, ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya ce, "Allah shi yi albarka. Ba laihin kowa ba ne. Tun da ruwan ga ya zo, komi ya sake, hatta nama."

Dam ya ɗauki laifina, na ƙyale shi. A cikin gida kuma wata gwaggon matata ta ce Kulu ba ta gado hannun uwarta ba. Maganar ta iso kunnena, nan ma na bar laifin a kanta. Kulu ba ta kare kanta ba. Ta ɗebi naman ta dafa shi har ya yi laushi, ta daka a turmi ta yi wa Baba dambu, shi ya ci. Damina ba ta zagayo ba ya rasu, kuma wannan taron shi ne na ƙarshe da dangin suka cika.

Bayan biki da kwana biyu na sake haɗuwa da malamin dabbobin, na kwashe duka na gaya masa. Ya ce, "Ai ba ka ji sauran ba. Bitamin ɗin nan saniya mai ciki da maraƙi suke buƙatarsa sosai. San yanka kuwa, in ya yi yawa a jikinsa, kitse ba ya zama cikin tsoka. Ana rage shi a watannin ƙarshe, ba a hana shi duka don kada dundumi ya kama shi, a kuma ƙara dusa. Wa ya fara kiwon?"

Na ce, "Mai ɗakina."

Ya ce, "Da ka bar mata."

Na dawo gida da niyyar in ba ta haƙuri. Na tarar tana tankaɗe, na ce yau an yi zafi, ta ce an yi. Haka na yi ta ɗagawa, gobe, jibi, har shekaru suka ƙare.

Yanzu duk shekara ina turke rago ɗaya, harawa da dusa da kanwa, yadda take yi. In an yanka na ga farin zaren nan a tsoka, sai in ce a raina, Kulu, ga hannun Inna. Sai dai ni ma haƙoran sun tafi, jikoki ke cinyewa.

Abin da na koya bai fi wannan ba: in ka tsaya sauraron malami, ka tsaya har ya kai aya. In kuwa kana sauri, ka wuce gida kawai, wataƙila wadda ta san ƙarshen karatun tana can tana zuba harawa.