Yadda Na Kusan Kashe Alhaji Sabo da Addu'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan da muka fita yawo duwatsun Hatta ba. Ko na so in manta ma, mutanen da muke aikin kago tare, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, ba za su bari ba, don har yau in na shigo sito sai wani ya miƙe ya ce, "Ga Dakta nan, kowa ya ɓoye ciwonsa."

Ni dai ba likita ba ne. Firamare ma da ƙyar na fita, kuma malamai sun fi ni murnar fitar. Aikina a unguwar Al Warsan, nan ƙasar Larabawa, ɗaure kaya da loda kwantena ga 'yan kasuwarmu na Kano, na daɗe ina yi, har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Abin alfaharina ɗaya a garin nan shi ne Nafisa, 'yar yayata. Nas ce a wani asibiti, tana zaune da mijinta a unguwar Al Nahda. A lokacin tana shirin wata jarrabawa ta ƙarin girma, irin wadda in nas ta ci za ta riƙa duba mara lafiya da kanta, ta rubuta masa magani. Na ɗauka karatun allura ne da jini kawai. Ashe har da shari'a, da abin da ya halatta nas ta faɗa da wanda zai sa a ƙwace mata lasisi, da yadda ake bincike ba tare da an mai da mutane ɓerayen gwaji ba. (Ta taɓa yi mini bayani, na gyaɗa kai sosai, amma hankalina na kan miyar kuka.)

To akwai Alhaji Sabo, babban mai sayen kayan wuta, wanda ni nake ɗaure masa kaya duk zuwansa. Wata rana na ga yana tafiya a hankali, yana zama da gefe guda. Ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, bai ce ga abin da ke damunsa ba. Ni kuma da son a san ina da wani a wani wuri, na bugi ƙirji na ce, "Alhaji, je ka asibitinsu 'yata. Ka ce Kawu ne ya turo ka."

Ranar Lahadi na je cin tuwo gidanta kamar yadda na saba. Ban ko wanke hannu ba na tambaye ta.

"Alhaji Sabo ya zo? Me aka gani?"

"Kawu, ko ya zo ko bai zo ba, ba zan iya faɗa maka ba."

"Ke, ni na turo shi fa."

"Ko kai ka goyo shi, Kawu. Ci tuwonka kafin ya huce."

Na ce a raina, ciwon da ake ɓoye wa kawu ai ba ƙarami ba ne.

Ta shiga ɗaki ta kira wata ƙawarta, nas ce ita ma 'yar Zariya, ta buɗe muryar wayar suna magana, rabi Turanci rabi Hausa. Ƙofar ba a rufe take ba. Ban yi laɓe ba, kujerar ce kawai na ɗan jawo saboda iskar na'urar sanyaya ɗaki ta fi kyau a wajen ƙofar. Sai na ji Nafisa na cewa, "Mutum ne ɗan shekara hamsin da wani abu, ɗan kasuwa mai yawan tafiye-tafiye. An gano ƙari a hanjinsa, abin ya yi nisa. Ya ce kada a gaya wa matarsa. Matar ta kira tana tambaya. Me za ki yi?"

Ƙawar ta ce, "Sai in gaya mata mana, ai matarsa ce."

"A'a. Mutum ne mai hankalinsa, sirrinsa nasa ne. Ki ba shi shawara ya faɗa da bakinsa, amma ke ba ki da hurumi."

Lomar da ke hannuna ta koma cikin kwano. Hamsin da wani abu. Ɗan kasuwa. Yawan tafiya. Zama da gefe guda. Wa ya rage? (Da ina da ilimi, da na lura daga nan suka wuce kan wata mai ciki, daga ita suka wuce kan wani tsoho da 'ya'yansa ke son sa hannu a madadinsa. Ni dai na ce lallai asibitin nan ya cika da masifa a makon nan.)

Mu a wurinmu, ka ji ciwon mutum ka yi shiru rashin mutunci ne. Ana gaishe da mara lafiya, ana yi masa addu'a, ana kai masa lemo. Don haka ban yi gulma ba. Mutum ɗaya tak na gaya wa, Ɗanliti direban motarmu, kuma na ce masa, "Tsakanina da kai ne, a sa Alhaji a addu'a, kwanansa ya ƙare." Ɗanliti ya share hawaye, ya ce ba mai ji. Kafin mu sauke kaya ya tura saƙon murya a guruf ɗinmu na waya, don a cewarsa addu'ar jama'a ta fi saurin karɓuwa.

Daga nan aka fara sintiri a masaukin Alhaji a unguwar Deira. Wannan ya kawo dabino, wannan ruwan Zamzam, wani da suka shekara ba sa gaisawa ya zo ya rungume shi ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Alhaji ya ɗauka karamci ne. Ni kuwa in na gan shi sai in kawar da kai in yi ajiyar zuciya.

Ƙarshen mako muka fita bayan gari zuwa Hatta gasa nama, har da Alhaji, lokacin sanyi ne, muka shimfiɗa tabarmi muna kallon duwatsu. Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauki tsoka mai kitse da yaji. Na kama hannunsa.

"Alhaji, ka tausaya wa kanka. Ga ayaba."

"Ayaba kuma? Kai, sakar mini hannu."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Hajiyarsa ce daga Kano, kukanta har mu muna ji. Wai me ya sa ya ɓoye mata, wai 'yan'uwa sun cika gida, wai ƙaninsa har ya fara tambayar makullin shago. Alhaji ya saurara, fuskarsa ta canja launi, ya kashe wayar a hankali.

"Wane ne ya ce zan mutu?"

Wani ya kalli wani, wanin ya kalli Ɗanliti, Ɗanliti kuma, Allah ya saka masa, ya nuna ni da tsinken tsire.

Maimakon in yi shiru, sai na gyara zama na ce, "Alhaji, ba wanda zai daɗe. Kuma majiyata mai ƙarfi ce."

"Majiyarka? 'Yarka ta asibiti ko? Kalas, magana ta ƙare. Gobe da safe ina wajen shugabansu. A garin nan ba a wasa da wannan. Sai ta ajiye farin kayan nan ta koma gida."

A lokacin na gane abin da na taka. Yarinyar da uwarta ta sha wahala kafin ta kai ta inda take, ga jarrabawa a gabanta, ni da bakina zan sa a ƙwace mata lasisi. Nan take na kira ta, na buɗe muryar wayar kowa na ji, na zayyana mata abin da na ji a ɗakinta.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Kawu. Tambayar littafi ce."

"Wane littafi?"

"Littafin jarrabawa. Haka ake rubuta tambayoyin, kamar labari. Mutumin nan babu shi a duniya. Ba a haife shi ba, ballantana ya yi aure."

Wani ya fashe da dariya har ya ƙware da nama. Amma Alhaji bai huce ba. Ya fizge wayar.

"'Yata, in gaskiya kike faɗa, gaya musu abin da ke damuna, su san ba mutuwa zan yi ba."

"Ina wuni, Alhaji. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Ni na ba ki izini!"

"Ko da izininka, ba a waya ba, ba a gaban taron da ban san ko su wane ne ba. Ban ma ce ka taɓa zuwa wurinmu ba. In akwai abin faɗa, bakinka ya fi nawa."

Alhaji ya kalli wayar, ya kalle mu. Kowa ya zuba masa ido irin kallon da ake yi wa mai shirin tafiya lahira, don ƙin maganar tata ya sake tayar da zargi. Ya ga ba mafita. Ya miƙe tsaye, babban mutum da babbar riga, ya daka tsawar da sai da duwatsun Hatta suka amsa:

"Basir ne! Basir! Kun ji daɗi?"

Duwatsun ma suka maimaita masa. Wasu Larabawa da ke gefe da iyalinsu suka juyo. Ɗanliti ya cire hularsa ya toshe baki da ita. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasar Hatta dutse ce.

Bai kai ƙara ba. A hanyar dawowa ya ce yarinyar da ta ƙi faɗar sirrinsa alhali shi da kansa yana roƙonta, ba ita ce za ta faɗa wa wannan sakaran ba. (Sakaran ni ne, kuma ina zaune a bayansa.) Ita Nafisa washegari ta je da ƙafarta ta gaya wa shugabarta duk abin da ya faru, don wai haka ƙa'ida ta ce, tun kafin labarin ya iso ta wata hanya. An saurare ta, an ce ba ta yi laifi ba. Ni ne dai ta yi wata guda tana gaishe ni da "ina wuni" busasshe, ba ko "Kawu" a ƙarshe. Alhaji kuma ya mai da kayansa wajen wani mai ɗaurin, kuma ban ga laifinsa ba, don a kasuwa yanzu in ya shigo shago sai a yi maza a kawo masa matashi.

Abin da na koya bai da yawa, daidai da kaina. In na ji mutum ba shi da lafiya, nakan yi masa addu'a ni kaɗai, a zuci, bakina a rufe. Na gano Allah yana ji sarai, ko ba a bi ta wajen Ɗanliti ba.