Kalmar "To" da Ta Jawo Mini Asarar Kada

Zuwa ga Masu Girma, Masu Zurfin Ilimi, Kwamitin Tsara Dokoki na Kamfanin Katin Halittun Dawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da dodanninku, ina baƙin cikin sanar da ku cewa ranar wata Asabar, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan teburin cin abincina, an sace mini Kada Mai Kai Biyu. Wadda ta sace shi 'yata ce ta fari, ma'aikaciyar jinya, wadda ni na koya wa riƙe kati. Da katinku mai suna Igiyar Aro ta janye shi, kuma ta ce doka na bayanta.

Shekara uku ke nan tana zuwa duk Asabar mu buga wasanku. Tun da na kira ta ɓarauniya mahaifiyarta tana ji, ba ta sake leƙo mu ba, yau Asabar biyu. Don haka ina roƙon ku dubi waɗannan koke-koke:

1. Littafinku ya ce idan aka jefo Igiyar Aro, mai dabba na da damar kare ta da katin amsa "har sai ya nuna ya yarda". Ni kuwa da ta ajiye katin, na gyara tabarau na ce "to". Kafin in rufe baki Kada ya koma gabanta. Ranku ya daɗe, shekara ashirin da shida ina koyar da nahawu, kuma ina tabbatar muku "to" ba ɗaya ba ce. Akwai gajeriya, ta yarda. Akwai ta mamaki. Akwai wadda mace ke yi wa miji idan ya ce gobe zai gyara famfo, wadda babu ko ɗigon yarda a cikinta. Tawa doguwa ce, ta mai nazari, irin wadda "bari mu gani" ke biyo bayanta. Wacce daga ciki kwamitinku ya ɗauka a matsayin yarda? Ko a ofishinku ba a jan wasali ne?

2. Wane ne ya raɗa wa wannan kati suna aro? A iya sanina mai aro sallama yake yi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya kawo buƙata.

3. A shafi na goma sha ɗaya kun ba da shawarar cewa idan na hango igiya ta taho, in hanzarta yanka dabbata da hannuna don kada ɓarawo ya samu. Madalla da wannan hikima. Na so in kai wa maƙwabcina mai kiwon kaji ita, sai na tuna yana fama da hawan jini.

4. Kun rubuta cewa dabbar da aka sace ɓarawo take yi wa faɗa, amma in ta mutu maƙabartar mai ita ake kai ta. Haka kuwa aka yi. Kada ya cije ni sau uku, da kai biyu, sannan ya faɗi, 'yata ta turo mini shi da ɗan yatsa in binne. Ita da moriya, ni da jana'iza. Wannan rabo a wane littafi kuka karanto shi?

5. Ba ku tanadi shaidu ba. Mai ɗakina ta ji komai daga kicin, amma ta ƙi tsaya mini. Wai shekara talatin tana jin "to" ɗina, har yau ba ta ga wadda aiki ya biyo baya ba.

Buƙatata ƙarama ce. Ku aiko mini da hukunci a rubuce, da hatimi, cewa doguwar "to" ba yarda ba ce, ku kuma faɗi daƙiƙa nawa za ta kai kafin a kira ta doguwa. Zan tura wa yarinyar, ta karanta, ta dawo kujerarta ba tare da na buɗe baki ba.

Allah ya ƙara wa kwamiti basira, ya tsare dabbobinku daga 'ya'yanku.

Naku mai biyayya matuƙa,
Malamin Nahawu, tsohon mai Kada

Ƙarin bayani: Na buɗe ambulan ɗin da na adana katunan da ke hannuna a ranar, don in haɗo muku su a matsayin hujja. Katin Ciyawa biyu ne da na Rijiya ɗaya, babu katin amsa ko guda. Da ta bar ni ina jan "to" har magariba ma, da Kada ya tafi. Ni ne ba ni da gaskiya. Ku bar hukuncin, zan kira ta da kaina.